Garejin da ya tayar min da tsohon CG125: inji lafiya lau, fenti kuma sai a hankali

To jama'a yau sati uku kenan da na karɓo mashin ɗina daga gareji, nace bari in ɗan hau shi tukunna kafin in yi magana kar in yabi ɗan kuturu tun bai kai ko'ina ba. Honda CG125 ne na farko-farkon nan, ai a 1975 Honda ta fara fito da shi, mai wuta 6 volt da foyint (abin da ke ba fulogi wuta) da kik, ba sitata ba komai. Ya fi shekara goma a jingine, kik ɗin ma ko ka tsaya a kansa baya motsi, fistin ya kama.

Ni fa da niyyar a yanka mashin ɗin na je. Hotunan kafe resa, wato mashinan da ake rage wa jiki su yi kama da na tsere, irin na samarin Ingila na shekarun 1960 sun cika min waya, ina so a datse bayan firem a sa ɗan guntun siti a sauke kan. Ogan garejin, dattijo ne, ya zagaya mashin ɗin ya shafa lambar firem da babban yatsa yace "ɗana, ƙarfen da ka yanke baya tsirowa, bari mu ji muryarsa tukunna." Haushi na ji a lokacin wallahi, amma yanzu da na ga yadda ya fito da siffarsa ta asali na gode Allah da na yi shiru.

Wajen inji kam hannunsa daban ne. Kwana biyu ya bar mai a cikin silinda kafin ya taɓa fistin ɗin, bai ɗau guduma ya far masa ba kamar yadda wasu ke yi. Da ya auna ya ga silindar ta ci sai aka yi mata borin, wato aka ƙara mata faɗi, aka sa fistin obasayiz da ya fi na asali da milimita 0.50 da sabbin ringi, ya saita tafet (tazarar bawul) da ma'aunin filla geji a milimita 0.08, a gabana, yana ja yana saurare kamar mai gwada kaifin reza. Kuma abin da ya burge ni ya buɗe matatar man nan mai juyawa da ke gefen kulos, wadda yawancin mutane basu ma san da ita ba, ya kankaro wani baƙin dattin da ya daskare kamar kwalta ya zuba min a tafin hannu. Kabureta Keihin ce ta asali, ya ƙi canzawa, wanke ta yayi jet bayan jet. Kik biyu ya tashi, silo ɗinsa tik tik tik ba rawa.

Mun bar 6 volt ɗin, don haka fitila da daddare sai dai haƙuri, wannan zaɓina ne ba laifinsa ba.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Sati shida aka ce min, wata huɗu na yi ina zarya, kullum gobe. Sannan fentin tanki, shi wani yaro ya ba wa, kuma da alama ba a kankare tsatsar ƙasan tankin da kyau ba kafin a fesa, don tuni ya fara kumbura kusa da makunnin mai, ga bakin murfi inda fetur ya ɗiga ya ci fentin ya zama kamar fatar lemo. Wayoyin ƙarƙashin siti ma murɗe su akayi aka naɗe da tef, ba solda, sigina ɗaya har ta fara kashe ido ba a ce mata ba.

Na koma na nuna masa, bai yi musu ba yace in kawo tankin a sake. Wayarin ɗin zan bar masa ya gyara da hannunsa, tankin kam na riga na kwance shi zan kai wa mai fenti na daban.