Zaɓen hanyar samun rahoton cikar faifan saba ta imel

Kafin mutum ya kashe kuɗi a kan manhajar sa ido kan faifan saba (server, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), ya kamata ya bambance rahoton da ke zuwa a kan lokaci, misali kowace safiya, da gargaɗin da ke zuwa sai faifai ya kai wani ma'auni kamar kashi 85 cikin 100. Rahoto yana nuna saurin da faifan ke cika, gargaɗi kuwa yana tashin mai kula a daren da matsala ta auku, kuma manhajojin da ke kasuwa ba su yi daidai a kan ayyukan biyu ba.

Ga mai saba ɗaya ko biyu masu Linux, umarnin df, mai nuna sararin da ya rage a faifai, da cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, sun wadatar, kuma kyauta ne. Sai dai cron yana tsallake aikin idan na'ura tana kashe a lokacin da aka tsara, abin da ba baƙo ba ne inda ake yawan ɗauke wuta, don haka anacron, wani mai tsara lokacin aiki irin cron, ya fi dacewa, domin yana cike giɓin da zarar na'urar ta tashi. A sa df -i cikin rahoton, saboda ƙananan fayiloli masu yawa kan cinye inode, wato guraben da faifai ke ajiye bayanin kowane fayil, har rubutu ya gagara alhali sarari na nan. Monit, wata ƙaramar manhajar sa ido, yana ƙara gargaɗi a kan wannan ba tare da nauyi ba.

Masu Windows Server suna da FSRM, kayan aikin kula da ma'ajiyar fayiloli, a cikin tsarin tun Windows Server 2003 R2, kuma yana aika rahoton manyan fayiloli da masu maimaituwa ta imel, amma bai wuce faifan sabar da yake kai ba.

Idan na'urori sun kai goma ko fiye, zaɓi ya koma tsakanin manhajojin sa ido na Zabbix da PRTG. Zabbix, na wani kamfani a Latbiya, kyauta ne, kuma tun sigar 5.4 yana aika rahoton PDF a kan jadawali, sai dai saitinsa na cin lokaci da ƙwarewa. PRTG na kamfanin Paessler na Jamus ya fi sauƙin kafawa, yana ba da ma'aunai 100 kyauta (kowane ma'auni yana sa ido kan abu ɗaya ne, ba na'ura ɗungurungum ba), bayan nan sai lasisi da kuɗin waje. A ganina, ofishin da ba shi da ƙwararren ma'aikaci na dindindin ya fi samun riba da PRTG.

Duk wanda aka zaɓa, a gwada hanyar fitar imel tukuna. Google Cloud yana toshe tashar 25, wadda aka saba aika imel ta cikinta, AWS ma yana taƙaita ta, Gmail kuma ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji a 2022. Manhajar sa ido ta zauna a kan wata na'ura dabam, domin faifan da ya cika taf kan hana saƙon gargaɗin fita daga cikinsa.