Kafin ka sayi madubin hangen taurari: ido kake so ko hoto?

Tun lokacin da tauraro mai wutsiyar nan Tsuchinshan-ATLAS ya fito a watan Oktoban 2024 hotunansa suka cika Facebook, mutane ke ta yi min tambaya iri ɗaya, wai wane madubin hangen nesa za su saya su riƙa ganin abubuwan nan kamar yadda ake sawa a intanet. To ɗan uwa bari in gaya maka tun farko kar ka saya ka dawo kana cizon yatsa. Abin da kake gani a hoto daban, abin da idonka zai gani in ka leƙa madubi daban, kuma kowanne da nasa kayan aikin, in ba ka raba wannan a ranka ba kuɗinka zai tafi a banza.

Hotunan nan masu ja da shuɗi da ruwan gwal da yawansu na Hubble ne, madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya a 1990 mai madubi faɗin mita 2.4, ko James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 mai mita 6.5, kuma launukan ma sau da yawa masana ne ke ba kowane irin haske nasa launi don a bambance su. Ko hotunan da mutane irinmu ke ɗauka a bayan gida, kyamara ce ta zauna tana tara haske na awanni. Ido ba ya tara haske, kuma a duhu ba ya rarrabe launi sosai, shi ya sa gajimaren Orion, wato tarin iskar gas da ƙura a can cikin taurari, da kake gani jajir a hoto in ka leƙa shi da ido toka-toka za ka gan shi kamar hayaƙi. Ni dai wallahi wannan hayaƙin yana taɓa ni, haske ne da ya yi tafiyar shekara sama da 1,300 kafin ya faɗo cikin idona, amma na san ba kowa ne zai gamsu da hakan ba.

Abu na farko da zan roƙe ka, ka guji ƙananan madubin nan masu siririyar ƙafa uku da ake rubuta 525x ko 675x a jikin kwalinsu, wai sau nawa suke girmama abu. Ƙarfin madubi yana ga faɗin bakinsa, don shi ke ɗebo haske. Lissafin da aka saba shi ne ka ninka faɗin bakin a milimita sau biyu, to nan ne iyakar girmamawar da za ta yi amfani, kenan mai baki milimita 60 bai wuce 120 ba, duk abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai, ga ƙafar tana ta rawa da ka taɓa.

In kuɗinka kaɗan ne ko kuma ba ka tabbatar abin zai riƙe ka ba, sayi madubin ido biyu irin wanda ake ratayawa a wuya, mai lamba 10x50. Mutane suna raina shi amma ga tauraro mai wutsiya babba babu kamarsa, saboda wutsiyar tana da tsawo ba ta shiga cikin babban madubi gaba ɗaya. Da shi za ka ga Kaza da 'Ya'yanta ta koma taurari gommai maimakon shida ko bakwai da ido ke ƙirgawa, za ka ga Andromeda kamar ɗan farin tabo mai tsawo, tarin taurari ne mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. Ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar koyo, illarsa dai hannu na rawa sai ka jingina da bango ko ka kishingiɗa a tabarma, kuma ba za ka ɗauki hoto da shi ba.

Sai na biyu, Dobsonian, wanda aka sa wa sunan John Dobson, mutumin da ya yaɗa irinsa a San Francisco. Ƙaton bututu ne da madubi a gindinsa zaune a kan akwatin katako, kai ne za ka riƙa tura shi da hannu. Mai inci 8, wato milimita 200, yana ɗebo haske kusan sau 800 fiye da idonka. Nan ne za ka ga zoben Saturn da idonka, da watannin Jupiter guda huɗu, da ramukan wata kamar ka miƙa hannu, kuma dunƙulallun taurari da ke zama kamar auduga a ƙaramin madubi su fara rarrabewa ɗaya-ɗaya kamar an watsa gero. In abin da kake so ka tara yara da maƙwabta kowa ya leƙa ya yi tasbihi ne, to wannan ne naka. Amma fa ka yi tunani, nauyinsa ya wuce kilo 20, bututun ya haura mita ɗaya, a Amurka ma kuɗinsa yakan haura dala 600 sannan ka zo kan kuɗin jirgi da na kwastam wanda ga kaya mai wannan girman ba wasa ba ne. Bakinsa a buɗe yake ƙura na sauka kan madubin, kuma lokaci-lokaci sai ka daidaita madubin da kanka. Hoton wata za ka iya ɗauka in ka kara wayarka a wurin leƙawa, hoton gajimare ko tarin taurari masu nisa kuwa ka manta, don ba ya bin sama yayin da take juyawa.

Na uku su ne sababbin nan masu aiki da waya, kuma gaskiya su ne suka sauya harkar. Seestar S50 na kamfanin ZWO ya fito a 2023 a wajen dala 500, bakinsa milimita 50 ne kawai, akwai ƙaninsa S30 mai milimita 30 da ya fito a wajen dala 350, akwai kuma Dwarf 3 na wani kamfanin. Babu wurin sa ido ko kaɗan. Ka ajiye shi a tsakar gida ko saman bene, ka haɗa da manhajarsa a waya, ka zaɓi abin da kake so, shi da kansa zai juya ya nemo shi ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana ɗora wani kan wani, kana zaune kana kallo hoton na ƙara fitowa, cikin minti 20 ko 30 sai ga Orion da launinsa. Yana da matatar haske a ciki da ke rage hasken fitilun gari in gajimare kake ɗauka, wannan kuwa babban abu ne a wurinmu don ba kowa ne zai iya fita bayan gari da dare ba a halin da ake ciki na tsaro. Nauyin S50 bai wuce kilo uku ba, yana shiga jakar matafiyi, batirinsa na kai wajen awa shida kuma power bank na riƙe shi in babu wuta.

Laifinsa biyu. Duniyoyi irin su Saturn da Jupiter ƙanana suke fitowa ƙwarai, kar ka saye shi don su. Sannan S50 wurin da yake gani ƙunci ne, Andromeda kuwa faɗinta a sama ya kai wata shida a jere, sai ya ɗauka kashi-kashi ya haɗa, a nan S30 da Dwarf 3 sun fi shi sauƙi don sun fi ɗaukar fili duk da ƙananan abubuwa ba sa fitowa da kyau kamar a S50. Akwai kuma masu cewa kallon waya ba kallon sama ba ne, ina fahimtarsu, amma wanda ya ce hoto yake so ai hoto ya samu.

Na huɗu na masu babbar kyamarar nan ta masu hoto, DSLR, ne da ma, su ƙara ɗan injin da ke bin juyawar sama irin Star Adventurer. Hotonsa na iya fin na Seestar kyau nesa ba kusa ba, musamman tauraro mai wutsiya da faffaɗan fili, amma sai ka koyi haɗa hotuna a kwamfuta da manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Matsalar da ba a faɗa a bidiyon Turawa ita ce sai ka saita injin da tauraron arewa, shi kuma a Kano digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, a Zinder kusan 14, katanga ko bishiya ko hazo sun isa su ɓoye maka shi. Ban ba sabon shiga shawarar farawa da wannan ba.

Kusancinmu da layin tsakiyar duniya ne ya sa tauraron arewa ya yi ƙasa haka, amma kuma alheri ne ta wani ɓangaren. Omega Centauri, dunƙulen taurari mafi girma a namu tarin taurarin da rana take ciki, mai taurari wajen miliyan 10, mutumin Ingila ba ya ganinsa ko kaɗan, mu kuwa a Kano yana hawa digiri 30 ta kudu a daren Afrilu da Mayu, ko da 10x50 za ka same shi. Lokaci ma ka lura da shi kafin ka yi oda, damina gajimare, tsakiyar hunturu hazo ya rufe sama, mafi kyawun dare su ne na kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da daren da ruwa ya wanke sama, kuma ka zaɓi kwanakin da babu farin wata.

Kar ka sayi komai don tauraro mai wutsiya kaɗai, ba su da alƙawari. NEOWISE ya zo a Yulin 2020 ya wuce, Halley da aka gani a 1986 sai 2061. Charles Messier na Faransa su yake farauta, abubuwan da ke ruɗa shi ya riƙa rubutawa don ya kauce musu, jerin nan mai abu 110 shi ne yau kowa ke bi, kuma suna nan kowace shekara.

Ni in ka tambaye ni, mai son hoto ya ɗauki S50, ko S30 in aljihu bai kai ba, mai son gani da idonsa kuma yana da wurin ajiya ya ɗauki Dobsonian inci 8, wanda bai yanke shawara ba ya sauke Stellarium kyauta a wayarsa ya sayi 10x50 ya yi wata biyu da shi tukuna. In na hannu za ka saya ka haska tocila cikin gilashin ka duba tsaga ko fumfuna, in mai batir ne ka tambayi mai kawo maka ko jirginsu na ɗaukar kaya mai batir kafin ka biya. Kuma don Allah kar ka taɓa juya kowane madubi wajen rana ba tare da matatar rana ta musamman a bakinsa ba, cikin ƙiftawa yake ƙona ido, ka gargaɗi yara a kan wannan tun ranar da ka buɗe kwalin.