Kamfanin da ya binciko mana abin da ya shiga rijiyar gona

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da wata gonar dabino a bayan garin Madina, kuma daga rijiyar burtsatse ɗaya muke sha, muke alwala, muke ba itatuwa. Bara, wajen ƙarshen Sha'aban, uwargida ta ce shayinta yana wani ɗanɗano kamar na fenti. Bayan sati biyu ni ma na ji shi ina kurkure baki. Tsakaninmu da wani tsohon gidan mai na bakin titi bai fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba.

Da farko na zuba ruwan a roba, rabi, na kai wani ɗakin gwaji da tsakar rana. Suka duba gishiri da ƙwayoyin cuta, suka ce lafiya lau. Hankalina bai kwanta ba, shi ne mai gonar ya ɗauko wani kamfanin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. A kansu nake wannan rubutu, domin na san 'yan uwa da yawa suna zaune a gonaki irin tamu.

Injiniyan da suka turo Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno. Da ya ji labarin robata sai ya ce, "Baba, ai abin da ake nema tun a mota ya tashi, ruwa kawai ka kai musu." Ya sa aka kunna famfo ya daɗe yana zuba, sannan ya fito da wata 'yar kwalba mai cin mililita 40. A hankali ya cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, ya rufe, ya kife ta, ya ƙwanƙwasa da farce. Kumfa ɗaya ta taso, ba ta fi ƙwayar gero ba. Ya ajiye ta gefe ya ɗauko sabuwa. Sai da ya samu marar kumfa ya sa ta cikin ƙanƙara, ya rubuta lokaci. Tun a nan na san na samu masu aiki.

Ba su tsaya kan rijiyarmu ba. Sun haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido guda uku, domin da uku ake gane inda ruwan ƙasa ya karkata. A wadda ke kan iyakarmu ta ɓangaren gidan man, ya zura wani bututu garai-garai ya jawo, sai ga fetur kwance a saman ruwan kamar mai a kan miya. Ni da idona na gani, kuma ranar ban iya cin abincin rana ba, ina tuna jikokina da ke wanka da ruwan nan.

Sakamako ya nuna MTBE a rijiyarmu. Ya yi mini bayani cewa sinadari ne da ake zubawa a fetur tun da Saudiyya ta daina sa dalma a 2001, kuma yana narkewa a ruwa sosai, don haka shi ke riga sauran sinadaran fetur isowa. Shi ne ya sa birnin Santa Monika na Amurka ya rufe wasu rijiyoyinsa a 1996. A rijiyar kan iyaka kuwa an samu benzin, wani sinadarin cikin fetur mai jawo sankarar jini, ya haura abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato maikrogiram 10 a lita. Uwargida ta tambaye shi ko tafasawa za ta wadatar. Ya ce, "A'a, Hajiya, tururin za ki shaƙa. A bar sha, a bar girki, a bar wanka."

Akwai inda suka gaza. Sun ce rahoto sati biyu, sai da ya yi biyar, kuma da Turanci ya zo, shafi-shafi na lambobi. Ba don injiniyan ya zauna da ni a gindin dabino ya warware mini ba, da takarda ce kawai. Motar haƙarsu ta fasa mana bututun ban ruwa, ko da yake sun gyara. Kuɗinsu kuma ba na talaka ba ne. Masu gonaki maƙwabta su haɗa hannu, ya fi sauƙi.

Abin da ya ƙara musu daraja a idona, mai gonar ya matsa su rubuta cewa tankin gidan man ne ya ɓule, suka ƙi. Suka ce alamu sun nuna can, amma sai an gwada tankin da bututunsa kafin a tabbatar. Suka nuna masa yadda zai kai rahoton Cibiyar Ƙasa ta Sa Ido kan Bin Dokokin Muhalli.

Yanzu ruwan tanka muke saye, wadda a nan ake ce wa wayit. Su kuma duk wata uku suna dawowa su auna rijiyoyin. Na kewaye murafan da duwatsu na shafa musu farin fenti, kada tarakta ta taka kafin zuwansu na watan Rajab.