Laifin waya ne ko na ramin PCIe?

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya ce sabarsu tana da katin netwok na Intel X520 mai ƙofa biyu, kowace 10G (gigabit 10 a daƙiƙa), amma da zarar aiki ya yi yawa sai fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke bi ta waya, su fara zubewa. Yana tambaya ko waya zai canza ko kati. Malam, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Matsala biyu ce masu kama da juna daga waje, amma kowace da inda take barin sawu.

Idan waya ce ko SFP, wato ɗan ƙarfen da ake sokawa a ƙofar kati a haɗa wayar faiba da shi, fakitin yana isowa ne a lalace. Buga ethtool -S da sunan ƙofar, ka duba rx_crc_errors, lambar da ke ƙirga fakitin da suka iso a lalace. In lambar tana hawa, har da tsakar dare lokacin da kusan ba mai amfani da sabar, to matsalar tana kan hanya. A nan Gombe ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta ɓata bakin faiba, musamman wanda aka ajiye ba murfi. A goge, a gwada wata waya, a musanya SFP ɗin.

In kuwa laifin ramin PCIe ne, wato inda ake soka katin a cikin sabar, fakitin lafiya ƙalau yake isowa, katin ne ya rasa hanyar miƙa shi ciki da wuri. X520 na PCIe 2.0 ne mai layi 8, kowane layi yana ɗaukar MB 500 a daƙiƙa, jimilla gigabit 32. Idan katin ya tashi a layi 4, saura 16 ke nan, kafin ma a cire abin da tsarin kansa ke ci, alhali ƙofofin biyu 20 suke nema. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, rami yana iya zama dogo a ido amma layi 4 kawai aka haɗa masa. Katin da bai zauna daram ba ma yakan sauko haka. Buga lspci -vv, ka kwatanta LnkCap da LnkSta: na farko abin da katin zai iya, na biyu abin da ya samu. Da iperf3, manhajar gwada gudun netwok, za ka ga ƙofa ɗaya tana gudu lafiya, amma ka haɗa biyun sai gudun ya tsaya cak a wuri guda, rx_missed_errors (fakitin da katin ya zubar don ya rasa inda zai ajiye su) na hawa, rx_crc_errors bai motsa ba.

Sai dai a kula, rx_missed_errors yana hawa kuma idan furosesa ta gaza kwashe fakiti da sauri. In LnkSta ya nuna x8 da 5GT/s, wato layi 8 da cikakken gudun PCIe 2.0, ramin ba shi da laifi. Duba ethtool -g, ka ɗaga rx, wato ma'ajiyar fakiti masu shigowa, zuwa 4096 da ethtool -G.

Ni da lspci zan fara, domin ba sai an kashe saba ba. Kuma in ramin ne, sabon kati a rami ɗaya haka zai yi maka. Turo mana layin LnkSta da lambobin rx_crc_errors da rx_missed_errors mu duba tare.