Babban zaure ko ɗakin shayi a Xiqu Centre?

In ka je Hong Kong lokacin bikin fasaharsu na Fabrairu da Maris (tun 1973 ake yinshi) kuma kana son kallon wasan waƙe na Sinawa, leƙa Xiqu Centre, gidan da ake irin wannan wasan, mai wurin kallo biyu: babban zaure da ɗakin shayi. Babban zauren na cin mutum sama da 1,000, nan ake cikakken wasa, tufafi masu ɗaukar ido, fuska duk fenti, ganga da kuge, amma fa da tsawo, kuma in ba ka jin yarensu sai bin fassarar allo. Ɗakin shayin kuwa ƙarami ne, wasan minti 90 ake yi, ga shayi da ɗan abin taɓawa, ga mai bayani tsakanin waƙoƙi. Ni dai wallahi sabon shiga ya fara da ɗakin shayin, kana dab da mawaƙan har jan numfashinsu kana ji.