Andika: salon rubutun da ya fidda ni kunya a katin walima

Jama'a in kuna haɗa kati ko fosta da Hausa ku nemi salon rubutun nan Andika, wlh na gwada kuma ban yi da na sani ba.

Abin da ya kai ni shi ne katin walimar ƙanwata. Wani shagon buga kati muka kai wa, yaron ya zaɓo rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe ruwan gwal a kan farin kati, a kwamfutarsa abin sha'awa, amma da aka buga Baba ya sa tabarau ya kai bakin taga ya juya ya juya ya ce "wai ƙarfe nawa ne ɗaurin auren?" Ga shi salon bai da ƙ da ɗ, duk inda suke sai akwati ya fito, shi ne yaron ya mayar da su k da d kawai. Manyan baƙi suka koma manyan baki. Har yau Inna in ta tuna sai ta yi dariya.

Sai na zauna da kaina na sake. Andika ƙungiyar SIL mai aiki a kan harsuna ce ta yi shi saboda masu koyon karatu, kyauta ne, yana shafin Google Fonts a intanet ka sauke ba ko sisi. Ɓ, ɗ, ƙ har da ƴ da mutanen Nijar ke rubutawa duk suna ciki, kuma ƙugiyar tana fita sarai ko an ƙanƙanta rubutun. Abin da ya fi burge ni babban I da ƙaramin l da lamba 1 kowa da kamanninsa, sannan "a" ɗinsa irin wadda aka koya mana a firamare ce mai ciki ɗaya.

Gsky ba shi da ƙwalisa. In kana son katin amarya mai yanga zai maka kamar littafin aji ɗaya, kuma yana cin wuri, sai da na yanke jerin sunayen 'yan uwa kafin ya shiga. Ni dai sunan ango da amarya kaɗai na bari da rubutun ado, rana da lokaci da wuri na sa Andika mai kauri, baƙi a kan fari, na buɗe tsakanin layuka.

Na tura wa Baba ta WhatsApp, a wayarsa mai fasasshen gilashi ya karanta ba tabarau, ya ce a buga 200.