Wata huɗu da Linux Mint a tsohuwar kwamfutata

Kwamfutar tawa ta hannu ce, a Kano na saye ta, ram ɗinta giga huɗu kacal. Da ita nake buga takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai a makarantarmu, a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Da wa'adin kula da Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙanena da ke karatu a Dutse ya zo da filashi ya sa min Linux Mint 22, tsarin gudanar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, nau'inta mara nauyi da ake kira Xfce. A can ya sauko da ita, don ta kusa giga uku, datar da zan yi mako biyu ina lallaɓawa.

Gaskiya na ji daɗinta. Kwamfutar da a da sai na gama alwala kafin ta buɗe, yanzu nan da nan take tashi. LibreOffice, manhajar buga takardu da lissafi, na ciki tun asali, ga kuma tsarin madannai na Hausa, ina buga ɓ da ɗ da ƙ ba tare da kwafowa daga wani wuri ba. An gina Mint ɗin ne a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, za a ci gaba da kula da ita har 2029, kuma ko sisi ba a biya.

Wahalar ta fara ne ranar da na so sa wata ƙaramar manhajar lissafin maki da na samo a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu. Na buga umarnin sudo apt update, wanda ke sa apt, mai kula da sa manhajoji a Mint, ta sauko da sabon jerin manhajoji, sai ta ce min fayil ɗin jerin "is not valid yet", wato lokacin aikinsa bai yi ba tukuna. Kwana biyu ina zargin sabis, har bakin titi na fita da kwamfutar ina neman inda ya fi ƙarfi. Da na kira ƙanen nawa sai ya ce, "Yaya, duba kwanan watan da ke ƙasan allo." Ashe agogon ya koma shekaru baya. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfutar ne ya mutu, duk lokacin da caji ya ƙare sai ta manta ranar da ake ciki. Ita kuwa apt ba ta karɓar fayil ɗin da take ganin ranarsa ba ta zo ba. Ina gyara agogo komai ya wuce. Duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta, don Allah ya fara duba nan.

Da na zo sa manhajar, sai pip, mai sa manhajojin da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python, ta ƙi, ta rubuto "externally-managed-environment". Wannan da gangan aka yi shi, don kada abin da mutum ya ɗora ya ɓata Python ɗin da tsarin kansa ke aiki da shi. Maganin shi ne a sa python3-venv, a buɗe wa manhajar ɗakinta daban. Bayan nan haɗa manhajar ya tsaya a kan rashin wani fayil mai suna Python.h, sai da na ƙara python3-dev da build-essential. A nan na koyi neman layin da kuskuren ya fara, domin dogon rubutun da ke biyo baya yawanci jela ce kawai.

Sau ɗaya aka ɗauke wuta ana tsaka da sabuntawa, batirina kuma ba ya riƙe caji. Umarnin sudo dpkg --configure -a ne ya ɗinke abin. Tun daga ranar, a shagon mai cajin waya da sola nake yin irin wannan aikin.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu rubuta bayanin sa manhaja suna ɗauka kowa na da wuta da intanet dare da rana, saƙonnin kuskure kuma duk da Turanci suke. Malamin da ba shi da wanda zai kira zai iya haƙura tun a ranar farko. Duk da haka na ba abokan aikina biyu shawarar su sa ta, kuma na rubuta waɗannan umarnin da bayaninsu da Hausa a bayan littafin rajista, ranar Asabar za mu zauna mu sa wa na farkon.